Kyamara Marar Madubi: Ga Gudu, Ga Sauƙin Ɗauka, To Batir Fa?

 

Da yawa daga cikinku, musamman 'yan ajin ƙarshe a makarantun Samaru da Sabon Gari, idan an yi hutu kukan bi wani yaya ko kawu mai ɗaukar hoto zuwa biki ko suna ko walimar sauka, kuna riƙe masa jaka. A can ne kuke jin ana ta zancen kyamara marar madubi, wadda manyan masu hoto suke komawa kanta. Shin da gaske ta fi tsohuwar a komai? A gudu da saiti ta fi ta, babu gardama. Amma a garinmu akwai abu biyu da suke iya kunyata ta a tsakiyar aiki, wato batir da ƙura. Duka biyun kuma suna hannun mai riƙon jaka ne.

Ina madubin ya tafi?

Tsohuwar kyamarar ƙwararru, wadda ake kira DSLR, tana da ɗan madubi a cikinta. Haske yana shigowa ta gilashin gaba, ya bugi madubin, ya haura zuwa ramin da mai hoto yake leƙawa. Idan aka danna, madubin ya ɗaga, hasken ya faɗa kan sensa, wato farantin da ke mayar da haske hoto. Wannan ƙarar "ƙwas" da kuke ji, har da ɗagawar madubin a cikinta.

Marar madubi ta cire wannan madubi gaba ɗaya. Haske yana zuwa kan sensa kai tsaye a kowane lokaci, kuma abin da kake gani a ramin leƙen wani ƙaramin allo ne kamar na waya. Kamfanin Panasonic na Japan ne ya fito da Lumix G1 a 2008. Sony ya kawo A7 mai babbar sensa a 2013, sannan Canon da Nikon suka biyo baya a 2018 da EOS R da Z6 da Z7.

Inda ta yi fice

Ku ɗauki ranar Hawan Sallah ko Hawan Daushe a ƙofar fadar Zazzau, lokacin da mahaya suka saki linzami suka taho jahi. Sau ɗaya za su taho, ba wanda zai ce musu su koma su sake. A nan gudu yake da amfani. Sony A9 da ta fito a 2017 tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya, ba tare da ramin leƙen ya yi duhu tsakanin hoto da hoto ba. Sababbin kuma suna gane idon mutum su bi shi da saiti duk inda ya juya. Canon R6 Mark II ta 2022 har doki tana ganewa.

Akwai wata fa'ida da ta fi wa mai koyo amfani. Tunda allo kake kallo, kana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ka danna. Farar babbar riga a tsakar rana ta sha ɓata wa masu koyo hoto: ta fito fari fat, aikin zaren da ke wuyanta ya ɓace. Da marar madubi za ka ga hasken ya yi yawa, ka rage shi nan take.

Sai dai ku kula da ɗauka marar ƙara, wadda ake so a wajen ɗaurin aure. A ɗakin taro mai fitilun zamani takan sa layuka masu duhu su ratsa hoton, saboda wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun kuma suna ƙyaftawa tare da ita ko da ido bai gani ba. Maganin shi ne a sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100, ko a koma ɗauka mai ƙara.

Batir: lissafin da ya kamata ku iya

Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, tana da ma'auni ɗaya da ake gwada batir da shi. Ga misali daga gida ɗaya. Canon 5D Mark IV mai madubi da Canon EOS R marar madubi, batir iri ɗaya suke amfani da shi, LP-E6N. A ma'aunin CIPA, mai madubin tana ɗaukar hoto kimanin 900 da caji ɗaya, marar madubin kuma kimanin 370. Batir ɗaya, amma ko rabi ba ta kai ba.

Dalili? Mai madubi, idan kana leƙe kawai, kusan ba ta cin wuta, domin haske da madubi ba sa buƙatar batir. Sai ka danna take ci sosai. Marar madubi kuwa, muddin tana kunne, sensa da allo da ƙwaƙwalwarta duk suna aiki, ko ka ɗauki hoto ko ba ka ɗauka ba. Kamar tocila take: da lokaci take cin batir. Shi ya sa mai hoto zai iya ɗaukar hoto fiye da dubu a jere cikin rabin awa batir bai nuna gajiya ba, wani kuma ya tsaya awa uku yana jiran fitowar amarya da kyamara a kunne, batir ya mutu bai ɗauki ɗari ba.

Kamfanonin sun yi gyara. Tsohon batirin Sony, NP-FW50, yana ba A7 II hoto kimanin 350. Sabon, NP-FZ100, ya kai A7 III ta 2018 zuwa kimanin 710. Duk da haka, wanda zai yi bidiyo ya sani cewa bidiyo ya fi hoto cin wuta nesa ba kusa ba, kuma yana sa kyamara zafi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da Zariya ke tafasa, wasu kan kashe kansu idan aka daɗe ana ɗauka a rana.

Yanzu ku buɗe littafin Fizik. Yawancin sababbin kyamarori ana iya yi musu caji da fawa banki, abin da ke da muhimmanci a inda ake ɗauke wuta. Wani zai ce: fawa bankina 10,000mAh ne, batirin Sony kuma 2,280mAh, ke nan zan cika shi sau huɗu. Wannan lissafi kuskure ne, domin ƙarfin wutarsu ba ɗaya ba ne. Sai an ninka da bolt. Fawa banki: 3.7 sau 10, ya ba da 37Wh. Batirin kyamara: 7.2 sau 2.28, ya ba da kimanin 16.4Wh. Ke nan sau biyu da 'yan kai, kuma idan aka cire wutar da ke salwanta a zafi lokacin caji, da ƙyar ya cika shi sau biyu. Wanda bai san wannan ba zai tafi biki a ƙauye da ƙwarin gwiwa, ya dawo da rabin aiki.

To ga aikin mai riƙon jaka. Cika batura tun daren jajibere, kada ka jira safiya, don wuta ba ta yi maka alkawari ba. Rubuta musu lamba 1, 2, 3, ka ware aljihun cikakku daban da na waɗanda suka ƙare. Kashe Wi-Fi da Bluetooth na kyamarar. Idan ana jira, a kashe ta. Kada a bar batir a rana ko a cikin mota a rufe. Wanda ya kumbura a daina amfani da shi nan take, don yana iya kamawa da wuta. Idan za a saya, a yi hattara da jabu: arha ba ta ado, kuma adadin da aka rubuta a jikin jabu ba lallai ne ya kasance a cikinsa ba.

Riƙo da ƙura

5D Mark IV da batirinta tana da nauyin giram 890, EOS R kuma giram 660. Wanda ya yini a tsaye ya san bambancin. Amma dogon gilashin da ake jawo mahayi daga nesa da shi, wasunsa kan kai kusan kilo ɗaya da rabi, sai ya rinjayi ƙaramar kyamara. Don haka hannun hagu a ƙarƙashin gilashi, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, igiya kuma a wuya ko da yaushe.

Sai ƙura. Babu madubin da ke tsaye a gaban sensa, don haka a yawancinsu da zarar an cire gilashi, ga ta nan a buɗe. A lokacin hunturu, ko a filin da dawakai suka tayar da ƙasa, wannan babban haɗari ne. Ƙwayar ƙura ɗaya za ta fito a wuri ɗaya a kan duk hotunan ranar. A kashe kyamara kafin a canza gilashi, a kifa bakinta ƙasa, a yi a cikin ɗaki ko a inda iska ba ta kaɗawa. Kada ka hura da baki, kada ka goge da bakin riga. Akwai 'yar robar hura iska da ake sayarwa don wannan aiki.

Shawararmu ga mai sha'awar sana'ar: kada ka matsa wa iyaye a kan sai sabuwa mai tsada. DSLR ta hannu mai lafiya tana koyar da haske da saiti, batirinta kuma yana yini. Ko wayar gida ma makaranta ce. Kuma kafin ka ɗauki hoton mutum, musamman mata a wajen biki, nemi izini.

Aikin gida

Batirin LP-E6N yana da bolt 7.2 da 1,865mAh. Fawa banki yana da bolt 3.7 da 20,000mAh. A ɗauka kashi ɗaya cikin huɗu na wutar yana salwanta a zafi. Sau nawa zai cika batirin? Ku nuna wa malamin Fizik lissafinku, mu kuma za mu kawo amsar a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.