Mace Mai Kamar Maza: Yabon da Ke Rage wa Mata Daraja

Idan Bahaushe ya so ya kai mace ƙololuwar yabo, abin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne ya ce mace mai kamar maza, ko ya kira ta kallabi tsakanin rawuna. Mai faɗa da zuciya ɗaya yake faɗa, wadda aka yaba ma takan ji daɗi. Sai dai ɗalibin adabi da ya tsaya ya auna kalmomin zai tarar cewa namiji ne ma'aunin da aka ɗora ta a kai. Jarunta da hangen nesa da iya riƙon jama'a an mayar da su kayan maza, macen da aka gani da su kuwa aro ta yi. Da yabo guda an ɗaga mace ɗaya, an kuma shaida wa sauran mata cewa su ba a sa ran komai daga gare su.

Labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa kusa da Dogondutse, ya isa misali. A watan Afirilun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu a kan hanyarta ta zuwa tafkin Cadi. Mutanen garin suka yi tirjiya, sannan suka janye cikin kurmi. Rundunar ta wuce ta ƙone Birnin Ƙonni, kuma kafin watan Yuli ya ƙare sojojinta da kansu suka kashe jagororin biyu a yankin Tasawa. Shekaru 81 bayan haka, a 1980, Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa Sarraounia cikin Faransanci. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Ba wanda zai musa wa Mamani hidimar da ya yi. Ɗan Sawaba ne da ya sha gudun hijira da ɗauri, yana neman gwarzon da zai kafa a gaban tarihin da 'yan mulkin mallaka suka rubuta, kuma ya fito da sunan da da ƙyar ake jin sa a wajen ƙasar Arewa. Abin dubawa shi ne irin rigar da ya ɗinka mata. A cikin labarinsa namiji ne, Dawa, ya rene ta, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa, ta tashi ba ruwanta da zaman aure irin na sauran mata. Wato kafin ta cancanci zama jaruma sai da aka raba ta da duk abin da al'umma ta san mace da shi. Alhali a Lugu, Sarauniya sarauta ce ta mata da ake gada, ta girmi zuwan Turawa, kuma ta ci gaba bayan Mangu. Ƙarfin mai riƙe da ita ya fi karkata ga addinin gargajiya na Azna da tsaron lafiyar ƙasa, har ma gawar wadda ta rasu ce ke nuna magajiyarta ta hanyar tarkama. Manazarta irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai sun yi rubutu a kan yadda aka daɗe ana mantawa da wannan shugabanci na mata. Kwari da baka sun fi daɗin kallo a majigi, shi ya sa suka rufe sarautar.

Haka aka yi wa Amina ta Zazzau. Tarihin Kano ya ambace ta da cin ƙasashe da karɓar gandu daga Nupe da Kwararrafa, ganuwoyi da dama kuma suna amsa sunanta. Amma abin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne wai ta ƙi aure, wai duk garin da ta ci takan kwana da namiji ta sa a kashe shi da safe. Ko ma daga ina wannan ƙari ya fito, aikinsa a fili yake: yana gargaɗin cewa mulki a hannun mace abin tsoro ne.

A ɗaya gefen kuma akwai macen tatsuniya, wadda yaro ke fara sani tun kafin ya shiga makaranta: mowa da bora, kishiyar uwa mai tura marainiya rafi mai nisa, tsohuwa mai kai gulma fada. Kalmar kishiya kanta daga kishi aka cire ta, sai ka ce ba abin da ke tsakanin matan mutum ɗaya sai shi. Finafinan Kano, waɗanda ake kallo a Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi kamar yadda ake kallon su a Fagge, sun gaji wannan siffa suka ƙara mata boka da uwar miji. Ba a ce babu kishi a gidaje ba. Akwai shi, akwai kuma kishiyoyin da suka rene 'ya'yan juna bayan mutuwa, da waɗanda suka haɗa jari suka aurar da 'ya'yansu, su kuwa ba kasafai ake ba su fim ba. Mijin da ya kasa adalci, wanda sau da yawa shi ne tushen rigimar, yakan fita daga labarin da rigarsa fes.

Tsakanin jaruma mai takobi da kishiya mai laya, an bar fili mai faɗi, kuma a cikinsa mafi yawan matan tarihi suke. Inna ta Gobir, wadda sarautarta ke nan a Tsibiri, da Iya ta Maraɗi da Magajiya ta Daura ba su zama maza ba kafin a saurare su a fada. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi aure ta haihu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu mata. Malfar da take naɗa wa jaji alama ce da mata suka riga suka sani a kan Inna. Daga gadon mata ta ɗauko ta.

Marubuta mata na Kano sun fi kowa kusantar wannan fili. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Rabi ba ta ɗauki makami ba. Mijinta Alhaji Abdu ya kore ta da 'ya'yanta saboda amarya, ta kama sayar da abinci, ta ciyar da su, ta aurar da 'yarta Saudatu. Wannan ma jarunta ce, kuma irinta ce ke riƙe da gidaje masu yawa daga Tawa har Garwa. Duk da haka littafin bai kuɓuta gaba ɗaya ba, domin Delu, amaryar, ta fito a tsohuwar rigar nan ta muguwar kishiya, ba a ba mai karatu damar sanin abin da ya kai ta ga irin rayuwarta ba. Masu sukar da suka yi wa waɗannan littattafai laƙabin adabin kasuwar Kano sun fi damuwa da soyayyar da ke ciki, ba su tsaya a kan Rabi da tukunyarta ba.

Malamin da ke koyar da adabin Hausa a Yamai ko Zariya yana da abin yi a nan wanda bai buƙatar sabon littafi. In an karanta Sarraounia, a tambayi ɗalibai dalilin da ya sa Mamani ya ba ta uban riƙo namiji, a kuma gaya musu cewa sarautar Lugu ba ta mutu da Mangu ba. In an yi tatsuniyar bora da mowa, a tambaye su inda mijin yake lokacin da ake cutar marainiya, da abin da ya hana mai ba da labarin tuhumarsa.