Kafin a Dasa Gashi, a Tambayi Ƙeya

Duk wanda ya taɓa cin karo da tallar dashen gashi a Facebook ko Instagram ya san hotunan nan biyu da ake jerawa. A na farko mutum ne mai sanƙo, ya sunkuyar da kai kamar wanda ake bi bashi. A na biyu shi ne dai, gashi ya cika masa goshi, yana murmushi. Abin lura shi ne daga gaba ake ɗaukar hotunan duka biyu. Da wuya a juya mutumin a nuna maka ƙeyarsa, alhali daga can aka ɗebo gashin, kuma can ne jiki zai riƙe shaidar aikin har ƙarshen rayuwa. Ra'ayina shi ne babu dashen gashi marar tabo, kuma mu masu baƙar fata, tambayar da ya kamata mu fara yi wa likita ita ce yadda fatarmu take warkewa. Maganar yawan gashin da za a dasa ta biyo baya.

Kalmar dashe ta dace da aikin. Likita ba ya ƙirƙirar gashi ko guda ɗaya. Kamar yadda manomin albasa yake cire yabanya daga wurin reno ya kai gona, haka ake cire saiwoyin gashi daga ƙeya da gefen kai, inda sanƙon gado bai cika kaiwa ba, a mayar da su gaba. Wani likitan fata na birnin New York, Norman Orentreich, shi ne ya bayyana a 1959 cewa gashin ƙeya yana riƙe halinsa na asali ko an canja masa wuri, kuma a kan wannan aikin ya dogara har yau. Sai dai wurin da aka tumɓuke saiwa ba ya sake fitar da gashi. Tabo ne yake maye gurbinta.

Hanyoyi biyu ake bi. A ta farko, wadda ake kira FUT, ana yanke ɗan siririn zirin fata daga ƙeya, wani lokaci kusan daga kunne zuwa kunne, a ɗinke wurin, sannan a rarraba saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke saura layi ne guda. Idan hannun likita ya faɗa kuma fatar ba ta ja sosai ba, layin kan zama siriri, gashi ya rufe shi. Idan an ɗebi fata fiye da kima, sai ya buɗe ya yi faɗi. Ta biyu, FUE, ta fara yaɗuwa bayan 2002, kuma ita ce 'yan talla suke yi wa kirarin "babu yanka, babu tabo". A nan ana amfani da wani ɗan ƙarfe mai rami, faɗinsa kusan milimita ɗaya, a ciro saiwoyin rukuni-rukuni, kowane rukuni da gashi ɗaya zuwa huɗu. Idan an ce za a yi maka dashe 3,000, to ka sani raunuka 3,000 ne a ƙeyarka, kowanne kuma zai warke ya bar ɗan ɗigo mai haske. A fatar Bature ɗigon yakan saje. A tamu yana fitowa fili. Idan kuwa aka yi zarin ɗiba, ƙeyar takan koma kamar rigar da asu ya ci, wannan kuma ba shi da gyara na sosai.

Wannan ya fi shafarmu saboda irin askinmu. Bahaushe ba mai tara suma ba ne. Ƙasa-ƙasa yake aski, wani ma tal-kwabo, ga kuma askin kammala Hajji ko Umara ga wanda ya zaɓi askewa gaba ɗaya. Mai sanƙo yana da wata mafita kyauta a hannunsa: ya aske duka, ya sa hularsa, ba wanda zai sake kallonsa. Ranar da aka yi masa dashe, ya sayar da wannan mafitar. Daga nan dole ya riƙa barin gashin ƙeya ya ɗan taso don ya rufe tabon. Ba laifi ba ne mutum ya yarda da wannan ciniki, amma ya kamata ya san da shi kafin ya kwanta a gadon tiyata.

Akwai kuma yanayin gashin kansa. Murɗewar gashinmu ba a saman fata ta tsaya ba, saiwar ma lanƙwashe take a ciki kamar ƙugiya. Ƙarfe miƙaƙƙe a hannun wanda bai saba ba yakan datse ta biyu, a yi asarar saiwar, a bar rauni a banza. Don kauce wa haka wasu likitoci kan yi amfani da ƙarfe mai ɗan faɗi, shi kuma tabonsa ya fi girma. Saboda haka kada ka gamsu da hotunan Turawa da Larabawa. Ka ce a nuna maka baƙar fata, daga baya, shekara guda bayan aiki, da gajeren aski. Asibitin da ya kasa nuna maka wannan ya riga ya ba ka amsa.

Abin da ya fi damuna shi ne tabo mai tsiro, wanda likitoci ke kira keloyid. Akwai tabon da kan yi tudu amma ya tsaya iya bakin rauni, sannu a hankali kuma ya kwanta. Mai tsiro ba haka yake ba: yana wuce iyakar raunin, ya yi tauri da sheƙi, ga ƙaiƙayi, wani lokaci da zafi, kuma ba ya bajewa da kansa. Ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka, yana kuma bin jini a wasu gidaje. A yi adalci, bai cika fitowa a tsakiyar kai ba kamar yadda yake fitowa a kunne, ƙirji da kafaɗa. Amma ƙeya ita ce mazaunin ƙurajen nan masu tauri da ke addabar maza bayan aski, har su haɗe su zama tudu marar gashi. Mai irin waɗannan ƙuraje bai kamata a taɓa ƙeyarsa ba sai likitan fata ya duba, ya kuma yi maganinsu.

Abin daɗin shi ne jikin kowannenmu yana ɗauke da tarihinsa. Duba lambar rigakafi da ke dantsenka. Duba tsagar gado idan kana da ita, da wurin da wanzami ya taɓa yi maka ƙaho. Ke kuma ki duba hujin kunnenki da wurin tiyatar haihuwa. A tambayi uwa ko gwaggo ko akwai mai irin wannan tabo a dangi; su ne suka fi kowa riƙe irin wannan labari. Idan akwai shakka, likita mai hankali yakan yi ɗan dashen gwaji a ƙaramin wuri, a jira watanni a gani, domin tabo mai tsiro yakan ɗauki wata uku ko fiye kafin ya bayyana.

Mata suna da tasu matsalar. Zubewar gashin goshi saboda kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi tana iya karɓar dashe, muddin an daina jan. Amma akwai wata zubewar da ke farawa daga tsakiyar kai tana faɗaɗa, wadda ciwo ne a fatar yake cinye saiwoyin ya bar tabo. Dasa gashi a kan wannan tun ciwon bai lafa ba tamkar shuka ce a kan dutse. Sai an yanki ɗan ƙaramin nama an auna, an yi magani, an ga ciwon ya kwanta na shekara guda ko fiye.

Ita kanta warkewar, ba ta mako guda ba ce. A kwanakin farko, daskararren jini ne kawai ke riƙe da sababbin saiwoyin, sai wajen kwana goma suke kama ƙasa sosai. Susa ɗaya ko buguwa da ƙofar mota tana iya tumɓuke su. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu goshi yakan kumbura, kumburin ya gangaro idanu, shi ya sa ake son a kwana da kai a sama. Ɓawon ciwon yakan zube cikin mako ɗaya zuwa biyu ta hanyar wankin da likita ya koya, ba da farce ba. Wanda aka yi wa ɗinki, akan cire zaren tsakanin kwana 10 zuwa 14. Sannan abin da ke karya zuciya ya zo: daga mako na biyu zuwa wata biyu, yawancin gashin da aka dasa zai zube. Saiwar tana nan da ranta, sabon gashi kuma yakan fara tsirowa a wata na uku ko na huɗu, ba a kuma yanke hukunci sai an shekara. Uwargida da 'yan uwa, a nan ake buƙatarku. Ba lokacin cewa "ai mun faɗa maka" ba ne. A ƙarƙashin fata kuwa tabon yana ci gaba da sauyawa har shekara ko fiye, kuma ko ya gama, ƙarfinsa bai wuce kusan kashi 80 cikin 100 na fatar asali ba. Rashin jin taɓi a ƙeya na wasu watanni da 'yan ƙuraje lokacin fitowar gashi duk abubuwa ne da aka saba gani.

Takardar shawarar da asibitocin waje ke bayarwa ba ta san rayuwarmu ba. Ba ta san hula mai kama kai ba, ko rawani, ko ɗankwali, ko zafin bazara da ƙurar hunturu. Ba lalle ne ta yi maganar sujada da shafar kai a alwala ba. Ka sa likita ya rubuta maka kwana nawa za ka kauce wa kowanne, sannan ka kai wa malaminka, domin addini ya yi wa majinyaci sauƙi. Ka kare kanka daga rana na wasu watanni, don tana canja launin sabon tabo. Man kaɗanya, zuma da man habbatus sauda suna da amfaninsu, amma kada 'yan dubiya su sa ka shafa su a kan ɗanyen rauni. Rini da man miƙar da gashi su ma su jira izinin likita. Taba da shisha suna tsuke jijiyoyin jini, su hana fata abincinta. Mai ciwon suga, hawan jini ko sikila, da mai shan maganin tsinka jini, ya faɗa tun kafin a sa ranar aiki, kuma kada ya daina shan wani magani da ra'ayin kansa. Idan aka ga zazzaɓi, mugunya, wari, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, jinin da ya ƙi tsayawa, ko wani wuri a fatar ya ƙafe ya yi baƙi yana faɗaɗa, a tafi asibiti a ranar, ba a aika hoto ta WhatsApp a zauna jira ba.

Wannan ya kawo mu kan tafiya Turkiyya. Istanbul ta zama cibiyar dashen gashi, kuma akwai ƙwararrun likitoci a can. Amma tsarin da ake tallatawa na 'yan kwanaki ne, har da otal da mota, majinyaci ya dawo gida ɓawon ciwonsa bai ko zube ba. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi kan wuraren da ake barin ma'aikata marasa lasisin likita su yi yankan. Araha ba ta ado. Idan tabo ya fara tsiro a wata na huɗu kana Kano ko Zinder, wa zai duba ka? Ba a fafe gora ranar tafiya: ka ga likitan fata a gida tun kafin ka sayi tikiti, ya tabbatar da irin zubewar gashinka, ya kuma yarda zai bi ka bayan ka dawo. Shi ne zai gaya maka ko sanƙon naka yana ci gaba, domin dashe ba ya tsayar da zubewar gashin da ya rage, sau da yawa sai an haɗa da magani.

Wani zai ce na cika tsoratarwa. Gaskiya ne mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin a hannu nagari suna warkewa lafiya, kuma ban raina abin da sanƙo ke yi wa saurayi ɗan shekara 25, ko wanda ƙuna ta cinye wa gashi. Ko tabon ya ɓaci, akwai abin yi. Ana shafa man silikon ko a liƙa takardarsa bayan rauni ya rufe. Ana yi wa mai tudu allurar sitiroyid a cikin tabon duk bayan wasu makonni. Mai tsiro dai kada a yarda a yanke shi kawai, domin yakan dawo, wani lokaci fiye da da. Layin da ya yi faɗi ana iya sake ɗinke shi ko a dasa gashi a cikinsa, amma akan jira wajen shekara guda ya gama nuna halinsa. Akwai kuma zanen ɗigo-ɗigo da tawada a fatar kai don ɓoye tabo. Yana dusashewa bayan 'yan shekaru sai an sabunta, kuma tunda ya yi kama da zanen jiki, mai niyyarsa ya fara jin ta bakin malamai.