Taswirar intanet da magudanan ruwa: ina ruwan 'yan kasuwar Mayahi?

Ambaliyar damina ta shekarar 2024 ta hallaka mutane sama da 300 a ƙasar Nijar, kuma jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Mu 'yan kasuwa mun san abin da ruwa ke yi wa buhun gero da wake idan ya kwana a rumfa. To, sau da yawa ba yawan ruwan kaɗai ke jawo ɓarna ba, rashin sanin inda zai bi ne.

A nan ne maganar taswira ta shigo. Akwai wata taswirar duniya a intanet mai suna OpenStreetMap, wadda wani Bature ɗan Ingila, Steve Coast, ya kafa a 2004. Aikin gayya ne: kowa na iya zana titin unguwarsu kyauta. Amma gayya sai da tsari, don haka masu aikin suka rubuta ƙa'idoji. Idan za a zana kogi ko magudanar ruwa, layin zai bi inda ruwan ya nufa. Idan gangare ne ko bangon tare ƙasa, tudu na hagu, kwari na dama. Hatta dakalin bakin kwalta ana bayyana ko mai tsayi ne, ko an rage shi, ko daidai yake da titi.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne. Idan wannan ya zana daga gabas, wancan ya zana daga yamma ba tare da ƙa'ida ɗaya ba, mai duba taswirar zai ɗauki kwari a matsayin tudu. Kamar tiya ce: in kowane ɗan kasuwa da girman tasa, ciniki ya lalace. Tsayin dakali kuwa shi ke nuna inda amalanke, mai turin kura da gurgu mai keke za su iya hawa.

An gwada wannan a birnin Darussalam na Tanzaniya, inda tun daga 2015 shirin Ramani Huria ya sa ɗalibai da mutanen unguwa suka zana unguwanninsu da magudanan ruwansu domin maganin ambaliya.

Mayahi na bakin Gulbin Kaba, Tasawa kuma na kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Muna da matasa masu wayar salula, muna kuma da mata masu tuwo da ƙosai da suka fi kowane injiniya sanin inda ruwa ke kwanciya a kasuwa. Shawararmu ita ce ƙungiyoyin 'yan kasuwa su haɗa waɗannan biyun tun da rani, a zana bisa ƙa'ida, a fassara ƙa'idar da Hausa, sannan a kai wa hukumomin gari. Mai biyan haraji yana da bakin tambayar inda za a haƙa magudana. Allah ya kai mu damina lafiya.