Na'urar gem ba ta kallon fim ba ce kuma, a daina sayar da ita da wannan sunan

Duk wanda ya taɓa shiga shagon sayar da na'urorin gem ya san maganar da ake faɗa wa uban da ke jinkirin biyan kuɗi: ai ba wasa kaɗai take yi ba, za a kalli fim, a ji waƙa, a buɗe YouTube. Maganar ba ƙarya ba ce, amma lokacinta ya wuce, kuma ci gaba da dogaro da ita na sa mutane kashe kuɗi a kan abin da suke da shi tuntuni a aljihu.

Akwai zamanin da wannan hujja ta yi nauyi. Lokacin da Sony ta fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, a kan dala 299 a Amurka, na'urar kallon DVD zalla kayan masu hali ce. Sai ga na'urar wasa da ke karanta faifan DVD ba tare da ƙarin ko sisi ba. Yara sun samu gem, iyaye sun samu fim, kowa ya ga ribarsa. An sayar da PS2 fiye da miliyan 155. A 2006 kamfanin ya sake gwada dabarar da PlayStation 3 mai karanta Blu-ray. Farashinta ya kai dala 599, jama'a suka yi ta ƙorafi, duk da haka ta taimaka wa Blu-ray ya doke HD DVD, har Toshiba ta janye daga gasar a Fabrairun 2008.

Sirrin nasarar shi ne na'urar ta ba mutane abin da a wani wuri ya fi tsada ko ya yi wuyar samu. Da wannan sharaɗi ya gushe, sai dabarar ta juya ta ciji mai ita.

Microsoft ce ta fara ɗanɗanawa. A bikin ƙaddamar da Xbox One a watan Mayun 2013, an ɓata lokaci mai tsawo ana nuna yadda za a sarrafa tashoshin talabijin da murya, alhali masu wasa gem suka zo gani. Aka haɗa ta da kyamarar Kinect, farashi ya zama dala 499, PlayStation 4 kuwa 399. Kasuwa ta karkata ga PS4, na'urar da a farkon fitowarta ko MP3 ba ta kunnawa sai da aka ƙara mata manhaja a 2014. Cikin shekara guda Microsoft ta fara sayar da tata ba tare da Kinect ba. A ɓangaren Nintendo kuwa, Wii ba ta karanta faifan fim na DVD, Switch ba ta da Netflix, kuma kowacce ta haura miliyan 100.

A yau talabijin na zamani da manhajojin kallo yake zuwa, wayar hannu ma haka. Mai bin fina-finan Kannywood masu dogon zango a YouTube yake samunsu, ba ya buƙatar PlayStation 5. Ga kuma batun wuta, wanda masu talla ba sa ambata: kunna na'urar gem don kallo na cin lantarki ninkin-ba-ninkin na ƙaramar na'urar da ake maƙala wa talabijin. Gidan da ke kan janareta ko sola ya san abin da hakan ke nufi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kamfanonin da kansu sun fara janye jiki. Sony ta daina sayar da fina-finai a shagonta na intanet a Agustan 2021. A 2022 ta cire fina-finan StudioCanal daga asusun mutanen Jamus da Austriya waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu. A ƙarshen 2023 ta sanar da irin wannan mataki kan shirye-shiryen Discovery, sai da aka yi mata ca kafin ta fasa. Ashe abin da aka kira saye haya ce, mai kaya na iya karɓe abinsa.

Wannan ne ya sa tambayar da ta kamata mai saye ya yi ita ce ko na'urar na da wurin saka faifai. PS5 ta fito iri biyu a 2020, mai faifai dala 499, marar faifai 399, ita kuwa PS5 Pro ta 2024 sai an sayi wurin faifan daban. Rarar dala 100 ta 2020 ta yi daɗin ji, amma faifai ne ake saya na hannu, a ara wa aboki, a yi musaya idan an gama. Marar faifai tana ɗaure mutum ga farashin shago ɗaya da kuma sauke gem mai gigabait 50 ko fiye, da data da aka saya da naira.