Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba

Ranar wata Asabar ina tsakiyar shirina na matasa a rediyo, wata uwa ta bugo waya daga Nima. Ta ce: "Ɗana, ka tambayar mini malaman kwamfutar nan. Na kwashe adashina na biya wa yarona kwas na wata uku, ya dawo da takardar shaida mai kyau, amma ya ce bai fahimci komai ba, Turanci aka yi ta zuba musu." Tun ranar abin yake ci mini rai.

Kwas ɗin na Python ne, harshen da ake rubuta manhaja da shi, wanda Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar a 1991. Kyauta ake sauke shi. Masu amfani da shi suna da taruka a ƙasashe da dama, kuma a watan Agustan 2019 aka yi babban taronsu na farko na nahiyarmu, PyCon Africa, nan Ankara ta ƙasar Gana, a jami'ar da ke Legon. Daga can zuwa zangon Madina tafiya ce 'yar gajeruwa. Ba ni da ƙorafi da masu shirya taro, sun yi nasu. Maganata da 'ya'yan zango ce, namu na kanmu da ke halartar irin waɗannan taruka.

Kuna zuwa, ku rataya kati a wuya, ku karɓi riga mai tambari, ku cika Facebook da hotuna. Madalla. To, sai me? A cikinku wa ya dawo ya tara yaran unguwarsu a ajin makaranta ranar hutu ya buɗe musu abin da ya jiyo? Wasunku ma shago suka buɗe suna sayar da takardar shaida, suna karanto darasi da Turancin da rabin ajin ba ya kamawa, don a ce sun waye.

Na san amsarku: wai Hausa ba ta da kalmomin. Wannan zancen bai riƙe ruwa ba. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, irin su if, for da while. Yaron da ya haddace izu goma ba zai gagara riƙe su ba. Sauran aikin tunani ne da bayani, kuma tun fitowar Python 3 a 2008 kana iya raɗa wa abin da kake lissafawa suna da haruffanmu masu lanƙwasa. Rubuta kuɗin_tuwo = 20, kwamfuta za ta karɓa ba gardama. Malamanmu na zaure shekara da shekaru suna warware nahawun Larabci da Hausa. Bakanike yana koya wa yaransa cikin inji da Hausa. Don me Python zai fi ƙarfinta?

Gaskiya ne littattafan fannin da Turanci suke, kuma wanda zai yi nisa dole ya iya shi. Amma a bar yaro ya fara gane abin da yake yi, Turancin zai biyo baya da kwaɗayinsa. Ku dubi Django Girls, da tun 2014 suke koya wa mata kyauta a zaman yini guda. Aji ɗaya, 'yan kwamfutoci na aro da malamai masu sa kai sun wadatar.

Ga tayina. Duk ɗan zango da ya halarci taro bana, ya biya bashinsa da zama huɗu na kyauta, da Hausa, a unguwarsu. Ni zan yi sanarwa a shirina ba ko sisi. Iyaye kuma, kafin ku biya kuɗin kwas, ku sa malamin ya bayyana muku darasin farko da harshenku. In ya kasa, ku mayar da kuɗinku cikin lalita.