A Daina Ɗora wa Kwamfuta Laifinmu

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, akwai wani kuka da ya zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu na Dutse duk lokacin da ƙarshen shekarar karatu ya gabato, watau "kwamfuta ta ci mini aiki." Ni kam na gaji da jin wannan magana, domin a mafi yawan lokuta ƙazafi ne muke yi wa na'urar da ba ta da bakin kare kanta. Mu ne muke zuba gero da dawa da wake a rumbu ɗaya, sa'an nan ranar sussuka mu kama salati.

Bari in faɗi abin da idona ya gani. Mu huɗu ne a ɗakin haya, kwamfutarmu kuwa ɗaya ce tak, ta wani abokinmu mutumin Jahun, wadda yayansa ya sayo masa ta hannu daga Kano. Ya shafe watanni yana rubuta shirin lissafin farashin riɗi da harshen Python, yana amfani da wani ƙunshin kayan aiki da ake kira pandas. Saura mako guda ya tsaya gaban malamai, sai ɗayanmu ya kalli wani darasi da dare, mai darasin ya ce a sabunta pandas, shi kuwa ya sabunta. Da gari ya waye shirin abokinmu ya ƙi motsi. Dalili kuwa shi ne, bugu na 2.0 na pandas, wanda ya fito a watan Afrilu na 2023, ya soke umarnin nan na append da ake jona jadawali da shi, abokinmu kuwa a kansa ya gina rabin aikinsa. Ba mu san haka ba a lokacin. Muka ɗauki na'urar muka kai wa wani mai gyara, ya ce ƙwayar cuta ce, maganinta a wanke ta gaba ɗaya. Aka wanke, har da alƙaluman da yaron ya bi kasuwanni ya tattaro. Gudun gara, aka faɗa gidan zago.

To, jama'a, laifin wa? Wanda ya sabunta bai yi da mugunta ba, darasinsa na buƙatar sabon bugu, aikin abokinsa na buƙatar tsoho. Dukansu suna da gaskiya. Kuskuren shi ne zaton da muka yi cewa kwamfuta ɗaya Python ɗaya take ɗauka, alhali kuwa masana sun daɗe da raba wannan gardama. Tun shekarar 2007 aka fito da virtualenv, kuma tun bugu na 3.3 a shekarar 2012 aka dasa venv a cikin Python kansa, ba sai an sayo ba, ba sai an sauke ba. Aikinsa shi ne ya keɓe wa kowane aiki ɗakinsa, da nasa kayan, ta yadda abin da aka ƙara ko aka sabunta a wannan ɗaki ba ya ƙetarawa zuwa wancan. Layi ɗaya ake rubutawa. Layi ɗaya da ya ceci wahalar wata shida!

Abin da ke ba ni haushi shi ne, Bahaushe ya fi kowa sanin wannan hikima. Wane magidanci ne mai hankali zai haɗa mata biyu a ɗaki ɗaya, da tukunya ɗaya, da kwallar mai ɗaya, ya ce yana neman zaman lafiya? Gida ɗaya ne, zaure ɗaya ne, amma kowace da ɗakinta da kayanta. Haka nan ana iya zaunar da Python na 3.8 da na 3.12 a na'ura ɗaya ba tare da sun ga maciji da juna ba. Sai dai akwai sharaɗi. Idan ka rubuta python kawai ka danna, kamar ka tsaya a zaure ne ka ce "ke!" ba ka kama suna ba. Windows yana da jerin wuraren da yake dubawa bi da bi, wanda ya fara tararwa shi zai miƙo maka, ko da ba shi kake nufi ba. Nan ne ɗalibi zai rantse ya saka ƙunshi jiya, yau kuma a ce masa babu, alhali ƙunshin yana nan, a ɗakin kishiya ya ajiye shi. Wanda ya rubuta py -3.8 ya kira matar da sunanta.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa mini a majalisar mai shayi. Za su ce wannan tsari na masu hali ne, kowane ɗaki zai ci wuri, kuma kuɗin data ba a tsintarsa a hanyar Kiyawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai hujja ba. Ɗakin kansa ɗan ƙarami ne, kayan da aka zuba masa su ne masu nauyi, su kuwa ana iya sauke su sau ɗaya a ajiye a filashi, duk ajin su kwafa ba tare da an ƙara kashe ko kwabo ba. Kuma wa ya taɓa lissafa abin da muke kai wa masu gyara, da daren da muke ɓatarwa?

Zan kuma taɓa masu koyar da mu, cikin ladabi. Ana koya mana yadda ake rubuta shiri, amma ba kasafai ake koya mana inda shirin yake zaune ba. Ɗalibi zai miƙa aikinsa a faifai ba tare da ya rubuta bugun da ya yi amfani da shi ba, malami ya gwada a tasa na'urar ya ƙi tashi, a rage masa maki a kan laifin da babu wanda ya nuna masa. Umarnin pip freeze yana fitar da sunan kowane ƙunshi da lambar bugunsa a shafi guda. Me zai hana a ce ba a karɓar aiki sai da wannan shafi, kamar yadda ba a karɓarsa sai da sa hannun mai dubawa?

Ku kuma yayyenmu da kuka riga mu shiga ofisoshin gwamnati, abin ya fi shafarku. An daina kula da Python na 2 tun ranar 1 ga Janairu, 2020, amma shirye-shiryen da aka rubuta da shi ba su mutu ba. A tsohon bugun, idan ka raba 7 da 2 za ka sami 3, a sabon kuwa uku da rabi. Babu ƙararrawar da za ta buga, lissafin ne kawai zai canza a ɓoye. Ku yi tunanin wannan a jadawalin albashi ko na rabon taki. Haka nan tsohuwar na'ura mai Windows 7 ba ta wuce Python na 3.8, saboda haka sabon ma'aikaci mai zumuɗin "sabunta komai" yana iya tsayar da aikin ofis guda kafin azahar.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, waɗanda ba su taɓa rasa kuɗin shirya liyafar maraba da sababbin ɗalibai ba, da su ware yamma ɗaya a makon farko na kowane zango, a sami 'yan ajin ƙarshe su nuna wa na ƙasa yadda ake buɗe ɗaki, a shiga, a fita. A kuma manna takarda a jikin duk kwamfutar da ake tarayya a kanta, cewa kada kowa ya saka ko ya sabunta wani abu a wajen ɗakinsa. Abokinmu na Jahun dai ya sake bin kasuwannin nan da kuɗin motar da ya ranta, ya kare aikinsa a zango na gaba, bayan tsararsa sun tafi bautar ƙasa.