JANGALI A KAN SHANUN DA BABU

A jami'o'in Amurka akwai wasu bayin Allah, ɗaliban babban digiri, waɗanda su ne ke koyar da 'yan ajin farko, su duba takardun jarrabawa, su kwana a ɗakin bincike. Ladansu ɗan alawus ne, sa'an nan jami'a ta yafe musu kuɗin makaranta. Wannan yafewa hakkin guminsu ne, ko sisi kuwa ba ya shiga aljihunsu.

Duk da haka, ran 16 ga Nuwamba, 2017, Majalisar Wakilai ta ƙasar ta amince da wani shirin doka wanda ya ce a lissafa kuɗin da aka yafe tamkar albashi. Watau, a ce alawus ɗin ɗalibi dala 30,000 ne a shekara, kuɗin makaranta 50,000, to sai a ɗora masa harajin mai cin 80,000. Jama'a, ina aka taɓa karɓar jangali a kan shanun da makiyayi bai ko taɓa gani ba? Ɗan attajiri zai biya ya zauna. Ɗan talaka kuwa sai ya naɗe tabarmarsa.

Abin takaici, a cikin shirin nan guda aka nemi sauƙaƙa wa manyan kamfanoni haraji daga kashi 35 cikin ɗari zuwa 20.

Ɗalibai suka ƙaurace wa azuzuwa ran 29 ga wata. Majalisar Dattijai ba ta sa wannan sashe a nata shirin ba, aka kuma jefar da shi kafin Shugaba Trump ya sa hannu ran 22 ga Disamba. Su kuwa kamfanoni suka tashi da kashi 21.